Huɗu Cikin Goma

Likita Rifkatu ba ta taɓa cikina ba ranar,
biro ta ɗauka.
Shekarunki nawa? Hamsin da biyu,
in lissafin Innata bai zame ba.
Yaushe sukarin ya kama ki?
Shekarar da ruwa ya ci katangarmu a Dutsen Tanshi,
tara ke nan.
Kina allura? Ina yi, safe da dare,
damina biyu yanzu.
Sai ta duba takardar jini,
wadda ke tona asirin wata uku,
har lemon kwalbar da na sha a ɓoye gidan suna.

Ta tara, ta ja layi, ta juyo mini da takardar
kamar na iya karatun boko.
"Mata goma irinki, Hajiya Kaltume,
in an rage musu tumbi,
huɗu ciwon yakan kwanta musu.
Shida kuwa sai dai ya sassauta."
Na ce, ni ina cikin waɗanne?
Ta ce, nan biro ya tsaya.
Kuma kada in ce warkewa, in ce lafawa,
irin ta garwashin da aka rufe da toka.

Ai na san wannan sana'ar.
Shekara talatin ina suyar masa a Wunti.
Da asuba nakan buɗe ƙullu in shinshina,
in ce yau zai tashi.
Sau tara ya tashi.
Na goman ya kwanta a tanda ya ƙi motsi,
shinkafar ɗaya, yis ɗin ɗaya, hannun ɗaya.
Ban taɓa fasa jiƙa shinkafa don haka ba.

Larai maƙwabciyata takwas aka rubuta mata.
Shekararta uku kacal da ciwon,
allura ba ta san cinyarta ba.
Na yi mata murna a baki,
na koma gida ina ƙirga shekarun da na zubar
a shuwaka da garahuni
da jarkar nan mai ɗaci ta mai lasifika a bakin tasha.
Ashe abin da ke ƙona sukari a cikina
yana ta gajiya shiru,
kamar jakin da ba a sauke wa kaya.

Bappah ya ce, Inna, a kan huɗu
za ki sayar da filin Gwallameji?
Na ce, ka tuna ƙafar Goggo Dudu?
Ya sunkuyar da kai.
Na ce, fili ba ya kai mutum banɗaki.

A Abuja aka yi.
Na farka da huda biyar a ciki
da ƙishirwar da aka hana ni kashewa.

Yau wata bakwai.
Cikina bai fi ramin tanda ɗaya ba,
cokali uku na miyar taushe, sai ya ce ya isa.
Zanena yana zagaye ni har ya yi saura.
Masu sayen masa suna raɗa, ko Hajiya ba lafiya?
Ina juya musu masa ina dariya,
ƙamshin kawai nake ci.

Kullum bayan sallar asuba
ina huda ɗan yatsa, in ɗiga, in jira.
Na'urar takan yi shiru daƙiƙa biyar,
tsawonsu ya fi hanyar Jos.
Jiya ɗari da huɗu.
Shekaranjiya ɗari da talatin, ban san laifina ba.

Allurorin suna cikin gwangwanin madara a kan durowa,
wata uku ban buɗe ba.
Jikata ta ce a zubar.
Na ce bar su.
Likita ta ce sai shekara ta zagayo
kafin a sa wa abin suna,
kuma ko an sa, yakan farka.

Don haka nake jiƙa shinkafar gobe,
in rufe, in kwanta.
Huɗu ko shida,
Wanda ya sani bai yi shawara da biro ba.